Hasken Ƙwaƙwalwar Ɓera

Ibadan, 1969

Zuwa ga ƙanena Irmiya, a Kontagora,

Ina gaisuwa, da fatan Inna da yara suna lafiya.

Tun bara na ji wai kana bin dattawan coci kana cewa na zama matsafi, don su ba ka gonar Baba ta Beri. Na ce ƙarya ce, wayon ƙanena bai kai nan ba.

To, ga tsafin. Hoton da na aiko gida, wanda kake yawo da shi a aljihu, ƙwaƙwalwar ɓera ce. A asibitin da nake aiki mukan daskarar da ita, mu busar, mu turara ta da maganin fomalin, mu yanka siriri. A ɗaki mai duhu, ƙarƙashin madubin likita, wani sinadari mai suna sirotonin sai ya yi haske ruwan ɗorawa, jim kaɗan ya dushe. Likitoci ke nazarinsa, ni yanka ne nawa.

Lafiyata lau. Fomalin na sa ni hawaye da tari, amma ba irin tarin da ake gadon gona da shi ba ne. Ka kwashe gyaɗarka kafin Kirsimeti, ina tafe. Ka ce wa Inna ta ajiye mini daddawa, Allah ya ƙara mata kwana.

Kada ka wahala neman mai tsegumin. Direbobi sun faɗa, ban yarda ba. Wadda ta gaya mini a ƙarshe, asibitinmu ta zo, har na nuna mata hasken, ta yi dariya. Salome ce, matarka.

Yayanka,
Andarawus