Na Zauna Jarrabawa da Takardar da Ba Na Gani

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka da abokan aikinka, ranka ya daɗe, na zaɓi in rubuta wannan wasiƙa a fili ne saboda sau biyu ina zuwa sakatariya ban samu ganinka ba.

Sunana Rabi. Ƙyanda ce ta ɗauke mini gani ina shekara bakwai. Mahaifina manomi ne, bai yarda in zauna a gida ba, ya kai ni makarantar makafi, na yi ta karatu har na samu shaidar malanta. Ina da waya mai karanta mini rubutu da murya. Da ita nake aika saƙo, da ita nake rubuta wannan.

Bayan Babbar Sallah aka sanar za a ɗauki malaman firamare, an ware gurbi ga masu buƙata ta musamman, amma sai ta shafin intanet na ƙaramar hukuma za a nema. Na yi murna, na ce yau dai zan nemi aiki da hannuna. Ga abin da na tarar.

Na farko, sanarwar hoto ce. An ɗauki hoton takarda aka ɗora, wayata kuwa ba ta karanta hoto. Sai da mijina ya dawo daga gona ya karanta mini.

Na biyu, maɓallan fom ɗin ba su da suna. Duk inda na taɓa sai wayar ta ce maɓalli, ba ta faɗin na mene ne. Na yi kwana uku ina lalube har na haddace wurarensu. Da na kai ƙarshe, sai shafin ya ce in rubuta haruffan da nake gani a wani hoto don a tabbatar ni mutum ce. Kafin in samu mai duba mini, lokaci ya ƙare, duk abin da na cike ya goge.

Na uku shi ne ya fi yi mini ciwo. A sakatariya an ce mini komai ya koma intanet, ba a karɓar takarda. Dole na hau mota zuwa wani shagon intanet a cikin garin Birnin Kudu. Mai shagon dattijo ne mai kirki, ya ba ni kujera, ya cike mini. Da ya zo wurin da aka tambaya ko mai nema yana da nakasa, sai ya zaɓi babu, bai gaya mini ba. Daga baya da na gano haka, na koma na tambaye shi, ya ce, "Malama, tausayinki na ji. Na ga kamar in na sa, ba za su kira ki ba." Ban riƙe shi a zuciya ba. Da shafin ya bar ni na cike da kaina, da ba a kai ga haka ba.

Ranar jarrabawar ɗaukar aikin aka zaunar da ni cikin jama'a, aka ajiye mini takarda da biro. Na ɗaga hannu na yi bayani. Mai kula da ɗakin ya duba jerin sunaye, ya ce ba a rubuta ni cikin nakasassu ba, kuma ba shi da izinin karanta wa kowa tambaya. Na zauna har aka tashi, ina jin ƙarar birukan mutane, ina shafa takardar da tafin hannuna. Na miƙa ta fara fat kamar yadda aka ba ni.

Da sakamako ya fito, aka ce babu makahon da ya nemi gurbin nan. Ranka ya daɗe, mun nema. Na san makafi masu shaidar malanta daga Wurno har Dingaya da suka gwada suka haƙura.

Roƙona shi ne a riƙa buga sanarwa da rubutu, ba hoto ba. A sa wa kowane maɓalli suna, a samar da wata hanyar tantancewa da ba ta buƙatar ido, a ƙara lokacin cike fom. Kafin a sake buɗe shafin, a kira mu makafi da kurame da masu lalurar hannu mu gwada shi. In kuma gurbin nan yana nan, a sake buɗe shi.

Makarantu sun dawo daga hutu. Firamaren ƙauyenmu tana bayan gidanmu, kullum da safe ina jin yara suna maimaita karatu, ni kuma ina tsakar gida ina surfe.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka lafiyarka da ganinka, ya sa ka sauka lafiya.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Rabi