Yayana Ne Ya Kira Layin

Assalamu alaikum Hajiya mai shafi, da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a yi mani sassauci, ko da yake yanzu ko an zage ni ban san ko zai shige ni ba.

Ni matar aure ce a Tambuwal. Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni kunne, ya ba ni baki. Da wata ƙungiya ta nemi mata 'yan sa kai masu amsa wayar mutanen da duniya ta yi wa zafi, sai na shiga. Daga ɗakina nake yi, Litinin da Alhamis, azahar zuwa la'asar. Abu biyu aka nanata mana: abin da kika ji ya mutu a kunnenki, in kuma kin gane mai kira ki miƙa shi ga wata.

Wata Alhamis wani ya kira, bai ƙare sallama ba na gane yayana ne na Kebbe, uwa ɗaya uba ɗaya. Gyaran muryar nan sau biyu kafin magana, tun muna yara yake yin sa. Na miƙa shi? Ban miƙa ba. Na ƙanƙance murya na koma Hausar rediyo. Wata uku yana kira, a nan na ji abin da bai faɗa wa kowa ba: ɗiyarsa da ta rasu bara, kwana fuɗu tana zazzaɓi yana cewa a bari a ƙare yankan gero kafin asibiti. Na tambaye shi ko ba shi da ɗan'uwan da zai gaya wa. Ya ce, "Akwai ƙanwata, tana sona, amma magana ba ta kwana cikinta."

Ranar da ya ce ya ɓoye kwalbar maganin feshi a rumbu don ranar da ya kasa, shugabarmu ya kamata in kira, haka aka koya mana. Amma ni sai na kira matarsa, na ce ta duba rumbu, kada ta tambaye ni. Ta ɗauko tana kuka ta kai wa baffanmu, kafin magariba gida duka ya ji.

Alhamis yayan nawa ya kira. "Malama, ashe wanga layi ma shina da baki. Na gode da abin da ya wuce." Ya kashe.

Sati shida ke nan bai sake ba. Ina amsa waya, ina cewa ina saurare, amma cikina kamar an share. Na je suna Kebbe, ya rame, ya raka ni wurin 'yan babur ya ce in gaida yara. Ko hawaye ban yi ba. An ɗauke kwalba, amma wuri ɗaya yake magana a duniya, ni na toshe shi.

In na faɗa wa shugabarmu za a cire ni, wataƙila wata ta neme shi. In na faɗa masa, zai san wata uku ƙanwar nan tasa ce ke saurare. Jama'a, me zan yi?