Inabin Bakin Teku

Jurf, Madina
Farkon Rajab

Ɗana Sufyan,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya. Ƙanwarka Raudatu lafiya lau, ta gama jarrabawa. Yayarka Sumaya ta sauka, an samu namiji, sai dai ɗinkin yana damunta. Ni gwiwar nan ce da ka sani. Babanka ne ba lafiya, kuma ba shanyewar ƙafar nake nufi ba.

Da hannuna nake rubutawa, Raudatu za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. Na so in yi maka magana a waya, muryata ta ƙi. Ka yi haƙuri da rubutun, da girmana na koya.

Ranar suna na nuna wa mata hotunan da ka turo daga Fotugal, har da wanda kake tsaye kusa da kwalabe masu jan ruwa. Na ce asir ne, wato tataccen ruwan inabin da ɗana ke nomawa. Maƙwabciyarmu Maiturare har tana tsokanata, ta ce, "Uwa, rowa za ki yi mana? Ki ce ya aiko mu jiƙa maƙogwaro." Sai jikarta Sundus ta karɓi wayar ta duba, ta ce da Larabci, "Khala, wannan ai giya ce." 

Kafin la'asar maganar ta kai wurin maza. Babanka bai yi faɗa ba. Ya dubi keken da ka aiko masa, wanda muke tura shi masallacin Haram a ciki, ya ce, "Ku fitar mini da shi daga ɗaki." Tun ranar bai ƙara hawa ba. Mutumin da tun kafin a haife ka bai rasa Juma'a a masallacin Annabi ba, yanzu a kan katifa yake jin kiran salla. Hafizu ɗan Maiturare ya ce zai aro wani keken, babanka ya ce a'a, kowa ya gan shi a na aro sai ya tambayi ina na ɗansa.

Sufyan, ka gaya mini gaskiya. Me kake nomawa?

Mahaifiyarka,
Uwa

*

Umma,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki, na gaida Baba. Barka da arzikin Yaya Sumaya, Allah ya raya.

Abin da Sundus ta faɗa haka ne. Ban taɓa kai shi bakina ba, Allah shaida. Amma inabin da nake kula da shi, jar giya ake yi da shi, kuma na san haka tun ranar da na fara.

Gonar tana bakin teku, cikin yashi. Itatuwan sun girmi kakana, ba sa tashi sama, kwance suke a ƙasa saboda iska, sai mun kafa musu shingen kara. Irin na nan wurin ne, ba a samunsa ko'ina, kuma saura kaɗan ya ƙare. 'Ya'yan ƙanana ne, fatarsu kauri, ga tsami, ba wanda ke cinsu haka nan. Tsohuwar da ke da gonar ta ga yadda nake riƙe almakashi ta ce wa ya koya mini. Na ce babana, a gonar dabino. Tsohon itace ba ya son gaggawa, in ka datse reshen da bai kamata ba, aikin shekaru ya tafi. Abin da Baba ya koya mini ne ya sama mini aikin.

Kin san yadda na bar Madina da iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare, kin san inda na kwana kafin in samu nan. Takarduna a kan wannan aikin suke. In na bari yanzu, na koma ba kowa ba.

Umma, ki ce masa da kuɗin aikin gini na sayi keken, kafin in zo gonar. Don Allah ki faɗa masa haka ya koma Haram. Laifin a kaina.

Ɗanki,
Sufyan

*

Jurf
Ƙarshen Rajab

Sufyan,

Na ga amsarka. Muna nan yadda ka sani. Jaririn ya yi mura, ya warke.

Na faɗa masa maganar aikin gini. Ya dube ni ya ce, "Uwa, tun da na aure ki kin taɓa yin ƙarya ta zauna? Kunnenki ma kike sosawa." Sai ya ce in ɗauko abin da ka rubuto in karanta masa duka, kada in tsallake komai.

Na karanta a hankali, ka san karatuna. Da na zo wurin itatuwan ya ɗaga hannu. Ya ce, "A yashi? To saiwar ina take shan ruwa?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Gishirin teku ba ya ƙona ganyen?" Na ce akwai shinge. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yaron ya iya. Ido nawa yake bari a reshe in ya datse?" Fuskarsa ta saki kamar da, lokacin da yake dawowa daga gona yana ba ku labarin kowane dabino. Sannan ya tuna. Ya juya wajen bango.

Washegari ya sa Hafizu ya kai keken bakin titi. Kafin azahar wani ya ɗauka.

Na yi kuka na ce, "Malam, ke nan kai da Haram sai a makara?" Ya ce, "Wa ya ce? Ina da ɗa. Abin da hannunsa ya samo a wurin nan ba na so. Amma bayansa ni na haifa, halal ɗina ne. Ya zo ya goya ni daga mota zuwa sahu, Juma'ar farko ta azumi. Ba zan tambaye shi komai ba." Na ce Hafizu ai zai iya. Ya ce, "Hafizu yana da nasa uban."

Bai ce ka bar aikin ba, ni ma ban iya cewa ba, don na san abin da zai biyo baya. Kullum ina roƙon Allah ya fitar da kai ta wata ƙofa. Yanzu dai zuwa yake nema. Raudatu ta ce da bizar Umra za ka iya shigowa.

Allah ya yi maka albarka.
Uwa

*

Jurf
Sha'aban

Sufyan,

Raudatu ta ce ka buɗe saƙona, amma shiru. Ta ce yanzu ne lokacin datsar inabi a can, wataƙila tsohuwar ba za ta sake ka ba, wataƙila in ka taho wani zai karɓi wurinka. Na fahimta. Ban gaya masa ba.

Ya sa an wanke farar jallabiyarsa an rataye. Ya rage cin abinci, rabin kwano yake turo mini. Na yi masa magana ya ce, "Bar ni, kada in yi wa yaron nauyi."

Ko e ko a'a, ka rubuto kafin Juma'ar tsakiyar Sha'aban. In a'a ce, ni zan faɗa masa, don ya ci abinci.

Mahaifiyarka,
Uwa