Mun gama biyan bashin gida, amma hannuna ya ƙi buɗewa

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara. Abin da ke damuna, in na faɗa wa wani dariya zai yi mini, ya ce daɗi ne ya yi mini yawa.

Ni ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, maigidana kuma makanike ne, manyan motoci yake gyarawa. 'Ya'yanmu uku. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce muka karɓi rance a banki muka sayi gida mai ɗaki uku, a kan za mu biya cikin shekara ashirin. Ranar da muka sa hannu na zauna na lissafa kuɗin ruwan da za a ɗora mana, sai na ga kusan kuɗin gida biyu za mu biya, mu zauna a ɗaya. Na ce wa Baban yara wallahi ba za mu kai ashirin ɗin nan ba. Ni da ina 'yar shekara tara na ga mai gidan haya ya watso kayan mahaifiyata waje, tukwanenmu a bakin titi, mutane na wucewa suna kallo. Ban manta ba.

Ba yabon kai ba, Anti, amma na yi aiki. Shinkafa da wake da buhu nake saye lokacin da suke araha. Tumatir sai kasuwa ta kusa tashi nake zuwa, in kwashi kwando, in markaɗa, in tafasa, in ƙulla a firiza. Burodi da hannuna nake kwaɓawa. Tsofaffin tayoyin da maigidan ke kawowa daga gareji na jera a bayan kicin, na shuka ganye da albasa da tattasai. Kaza ɗaya takan yi mana kwana uku, ƙashin ma sai ya ba da romo kafin in sallame shi. Kullum da safe kula biyar nake jerawa a kan teburi, kowa ya ɗauki tasa. A wurin aiki har suna suka sa mini, Hajiya Kula, amma in na buɗe ta, masu tsokanar ne ke fara miƙo cokali. Kujerun falonmu sau biyu na sake musu riga. Duk abin da ya ragu, ko na ƙarin aiki ne ko na gyaran wata mota, banki yake tafiya.

Watan jiya muka biya na ƙarshe. Ma'aikacin bankin sai da ya miƙe tsaye ya ba maigidana hannu, ya ce bai cika ganin irinmu ba. Na dawo da takardun gida a jakata, na bi ɗaki ɗaki ina shafa bango kamar wata taɓaɓɓiya. Ko yanzu da nake rubuto miki, ƙirjina cike yake.

To ga inda gizo ke saƙar. Baban yara ya ce a yi murna, ya kwashe mu zuwa gidan cin abinci. Ina ganin farashi kaina ya hau lissafi: kuɗin faranti ɗaya na shinkafa da kaza zai ciyar da gidana kwana biyu. Na ce na ƙoshi, ruwa kawai na sha. Yara suka ci a ɗarare, shi kuwa ya ture nasa rabi. A hanyar dawowa, don in gyara zance, na kawo maganar wani fili da abokiyar aikina za ta sayar, na ce in muka ƙara ɗaure ciki shekara biyar, namu ne. Ashe ɓatawa na yi. Ya ce shekararsa hamsin da huɗu, gwiwoyinsa sun gaji da shiga ƙarƙashin mota, yana so ya ɗanɗani guminsa tun yana da haƙora. Ya ce rabonsa da yayansa da ke wani gari mai nisa shekara bakwai saboda kuɗin tafiya, kuma yayan ba shi da lafiya. Babbar 'yata ma ta sa baki, cikin ladabi dai, ta ce tana alfahari da ni, amma har yau tana tuna tafiyar da ajinsu ya yi ban biya mata ba, ta ce wa ƙawayenta zazzaɓi take yi. Wannan ta soke ni. Ni da na yi don su!

Yau sati uku kenan, gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi. Anti, ni marowaciya ce, ko su ne ba su san wuya ba?

Mai Gidan Kanta

Amsa

Ƙanwata, kafin komai, sannu da ƙoƙari. Bashin shekara ashirin ki kashe shi a sha ɗaya, da ludayi da tukunya, wannan ba ƙaramar mace ba ce. Ki yi alfaharinki, kin cancanta, kuma kada kowa ya kira ki marowaciya a gabana. Marowaci kansa yake tara wa. Ke rufin asiri kika gina wa mutum biyar.

Amma an ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Kin dafa dutsen, ya nuna, sai kika ce a ƙaro wani dutsen. Romon fa? Abin da ke riƙe hannunki tsoro ne, na yarinyar da ta ga kayan uwarta a titi. Tsoron nan ya yi miki aiki, ya kai ki inda kike so. Yanzu ki sallame shi, babu mai korar ki daga gidan nan.

Ki kuma tuna ba ke kaɗai kika biya ba. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar kula zuwa gareji bai taɓa yi miki gori ba, da shi aka yi yaƙin. In ya ce ya gaji, ki yarda. Shi ma da laifinsa, don shirun sati uku ba magani ba ne, kuma da ya san labarin tukwanen nan yadda kika ba ni shi, da ya sassauta. Ki ba shi labarin.

Ga abin da nake gani. Kuɗin da kuka saba kai wa banki duk wata ku raba shi uku: kashi ɗaya ajiyar tsufa da rashin lafiya, ɗaya karatun yara, ɗaya kuma na jin daɗi. Wannan na ukun ki bar shi a hannun maigida, kada ki tambayi inda ya shiga. Maganar fili a jingine ta shekara guda. In har lokacin ku biyun kuna so, filaye ba su ƙare ba. Tafiyar ganin yayansa kuwa ba ta jira, ki sa hannu cikin kuɗin nan ki ce ya shirya cikin watan nan. Gida ana sake saye, ɗan'uwa ba a sakewa.

'Yarki ki kira ta ku biyu, ki ce kin ji, ta yi haƙuri. Kada ki kawo mata lissafi, ta san shi. So take ki san ita ma ta ba da nata kason.

Girki kada ki daina, baiwa ce. Ki dai saki hannu, a ga tsoka a miya, a kira maƙwabta su ci. Allah ya sanya albarka a gidan, ya ba yayan maigidanki lafiya, ya sa ku tsufa tare a cikinsa kuna dariya.