Koren Layin da Ya Ratsa Ɗakinka

Zuwa ga ƙanena Issifu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da iyali, Allah Ya ba ka sauƙin gwiwar nan da ke damunka. Mu nan Zongo sai godiya. Ina dai zuwa rumfata a kasuwar Kejetia, ɗana Mutala kuma ya samu sauƙin zazzaɓinsa har ya koma ɗinki. Na zaɓi in rubuto ne don na san halinka, a waya dariya za ka yi ka kashe.

Ka san 'yata Latifatu tana aiki a ofishin da ke duba gonaki da hotunan tauraron ɗan'adam, su ga inda shuka ta yi kyau da inda ambaliya za ta bi. Ranar Juma'a bayan la'asar na ce ta nuna mini ƙauyenmu a kwamfutarta, don marmari kawai. Hoton na tsakiyar rani ne, ko'ina ya bushe. Amma akwai wani koren layi siriri da ya fito daga kogi, ya lanƙwasa, ya ratsa gari. Ta ce tsohuwar hanyar kogi ce da ƙasa ta rufe, har yanzu da ruwa a ƙarƙashi, shi ya sa ciyawar wurin ba ta mutuwa. Sai ta ɗora yatsa a kan wani rufin kwano, ta ce Allah Ya kiyaye mai wannan gida. Issifu, yarinyar nan ba ta taɓa zuwa ƙauye ba. Ba ta san sabon gidanka ta nuna ba.

Ka tuna mahaifiyarmu marigayiya Mma ba ta barin mu yi wasa a filin nan? Takan ce in ta shimfiɗa tabarma a wurin tana jin ruwa yana tafiya a ƙasa, mu kuwa mu yi ta yi mata dariya. Latifatu ta jera mini hotunan shekara shida, kowace shekara layin yana ƙara faɗi. A na farko rufi uku ne a kansa. A na bana naka kaɗai ya rage. Na tambaye ta ina sauran biyun, ta ce hoto ba ya faɗin wannan. Kai ma ba ka taɓa faɗa mini ba.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Don Allah ka kwashe yara ku koma tsohon gidan Baba na kan tudu kafin ruwan Agusta.

Ka gaida matarka Samiratu da yara, da Kawu Mamudu. Kafin ka ba ni amsa, ka kori kowa, ka sa kunnenka a daɓen ɗakinka.

Yayarka,
Khadijat