Ba Zan Mayar da Na'urar Ba

Zuwa ga Yaya Usman a Madina,

Gaisuwa mai sanyin ruwan Nilu, mai yawan yashin bakinsa. Ina lafiyarka, da Hajiya, da yara? Mu nan Umdurman ta Sudan sai godiya.

Bayan haka, na san Kawu Bello ya kai maka ƙarata: na sayi jifiyes, na'urar nuna hanya, wai na raina taurarin da suka jagoranci kakanninmu daga Kano. Yaya, ruwa nake kai wa masu haƙar zinariya a hamadar arewa. Watan jiya iska ta shafe sawun motoci, na yini biyu ina zagaye dutse guda, mutum talatin suna jiran tankina. Tauraro kuwa ba ya fitowa da azahar.

A kasuwar Suk al-Shabi mai shago ya miƙo mini irin wadda ake shafawa da yatsa, ya ce, "Ya hajj, wannan ta manya ce." Na ce, "Ba ni mai maɓalli, mai cin batirin rediyo. Hamada ba ta da soket."

Ba zan mayar ba, ko Kawu ya daina amsa gaisuwata. Jibi zan tashi. Ka roƙa mini isa lafiya, shi kuma sanyin zuciya. A gaishe mini da kowa.

Ƙaninka,
Abubakar