Na Fi Kallon Idon Ɗalibaina Fiye Da Amsarsu

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, ko aƙalla ki gaya mini sunan abin da ke damuna, domin ni na kasa raɗa masa suna. Ba kuka na kawo miki ba. Lafiyata ƙalau, babu wanda ya zalunce ni, abinci ma ina cinsa da daɗi. Na san masu rubuto miki suna ɗauke da abin da ya fi nawa nauyi, shi ya sa na daɗe ina jin kunyar shigowa layi.

Ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare a ƙasar waje. Na zo da niyyar in ɗan taɓa aiki in koma gida, ga shi yanzu yaran da na fara koyarwa sun soma turo mini hotunan bikinsu. Makarantar ba ta da laifi. Ajina yana hawa na biyu, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci, akwai fanka guda da take ƙara kamar tana bin wani bashin gaisuwa. Na iya aikin, har ina ganin iyawar ta yi yawa. Akwai wani barkwanci da nake yi duk shekara idan mun zo darasin kusurwoyi. Bana sai kawai na ji bakina ya yi shi da kansa, yara suka yi dariya daidai inda na bara suka yi, ni kuwa hankalina yana gida, ina tunanin ko na rufe famfo.

Abin ya faro ne daga wani yaro da ke zama a layin baya. Duk malamai sun san shi da kwafar littafin na kusa da shi, an rubuta masa "rago" a rahoto har an gaji. Wata rana na lura ba amsa kaɗai yake kwafa ba, har tambayar da na rubuta a allo daga littafin maƙwabcinsa yake ɗauka. Idan ya ɗaga kai kuwa sai ya ƙanƙance ido kamar mai hangen wata. A ƙasan benen da nake haya akwai shagon wata mai gwajin ido, muna gaisawa kullum, ina ce mata Likita, tana ce mini Malama. Na yi wa mahaifiyar yaron magana, muka kai shi tare.

Na zauna a benci ina kallo. Likita ta ɗora masa wani tabarau na ƙarfe mai nauyi, tana zura gilashi tana zarewa, tana tambayarsa wanne ya fi. Can sai yaron ya ɗaga kai. Ya ƙura wa bango ido, sannan ya ce, "Ashe agogon nan yana da wani siririn hannu mai gudu."

Mahaifiyarsa ta fara share hawaye. Ni ma na ji daɗi, ba zan ce ban ji ba. Amma Anti, abin da ya cika mini ciki a lokacin shi ne son in san yadda aka yi. Me ya sa wannan gilashin ya yi, na gabansa bai yi ba? Ta yaya ta san inda za ta dosa tun kafin ya buɗe baki? Rabon da in ji irin wannan ƙaiƙayin a kaina tun ina jami'a.

Daga nan na zama ƙarfen ƙafa a shagon. In na taso daga makaranta sai in tsaya gaisuwa, gaisuwar ta kai magariba. Likita ta gaji da tambayoyina ta ara mini littattafanta. Na buɗe, sai ga kusurwoyina a ciki, waɗanda na yi shekaru yara suna tambayata amfaninsu ina ce musu za su fito a jarrabawa.

Sai abin ya fara wuce gona da iri. Na daina ganin mutane, sai idanu. A mota ina lura da wanda yake kai waya har hancinsa. A taron malamai ban san me aka tattauna ba, amma na san shugaban makarantarmu yana miƙe hannu iya tsawonsa kafin ya karanta takarda. Rannan na rubuta haruffa a allo, manya a sama ƙanana a ƙasa, na jera 'yan ajina ɗaya bayan ɗaya, sannan na aika wa wasu iyaye saƙo cewa su kai 'ya'yansu a duba. Wasu na dace. Amma akwai wata yarinya da ta kasa karanta ko babban harafin sama. Mahaifinta ya ajiye aikinsa na yini guda, ya kai ta asibiti hankali a tashe, aka ce idonta ya fi na likitan gani. Ashe ƙawarta ce ta yi tabarau mai ruwan hoda, ita ma take so. Uban ya zo makaranta ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. Shugaba ya kira ni ofis, ya tuna mini cikin ladabi aikin da aka ɗauke ni in yi. Yana karanto mini ƙa'idar yana miƙe da hannu. Allah ne kaɗai ya san wuyar da na sha kafin na hana bakina ce masa ya je a duba idonsa.

To ga inda nake. Sabon kwantiragi yana kan teburina, na shekaru masu yawa, har da shugabancin sashen lissafi, kuma ana son sa hannuna kafin a rufe zangon nan. A gefe guda kuma, ba tare da na gaya wa kowa ba, na nemi gurbin karatun gwajin ido, sun kuma ba ni. Zan koma benci tare da sa'annin ɗalibaina. Takardar izinin zamana a ƙasar nan makaranta ce ta tsaya mini, in na bar ta sai na nemi ta ɗalibai, ban kuma san ko za a ba ni ba.

A gida kuwa, Baba tsohon malami ne, kuma ni ce kaɗai na gaje shi. Babu mai kiran sunana, har Mama ma "Malama" take ce mini. Da na ɗan gutsura wa Yaya zancen, cewa ta yi gundura ce, in sake labule in tafi hutu. Autarmu ta yi dariya har da tari, wai da digiri biyu zan koma sayar da tabarau. Baba kuwa a waya ya tambaye ni ko wani ne ya ɓata mini rai a makaranta, domin a saninsa malami ba ya barin aji sai in korarsa aka yi.

Anti, ba na ƙin koyarwa, abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Da ina ƙinta da sauƙi. Shin wannan abin da na samu hanyata ce da na makara ban gani ba, ko kuwa gundurar da Yaya ta faɗa ce ta yi wanka ta yi kwalliya? In sa hannu ko in tafi?

Taki,
Malama mai leƙen idon jama'a

*

Malama,

Na karanta wasiƙarki na yi dariya, sannan na cire tabaraina na goge, don na ji kamar kina kallona.

Tambaya biyu kika haɗa a kwano ɗaya. Ta farko, kin gama da aji? Ta biyu, gwajin ido ne aikinki? Amsar ɗaya ba ta amsa ɗayar, kuma takardar da ke kan teburinki tana so ta tilasta miki amsa su rana ɗaya.

Bari in fara da ɓangaren Yayarki, domin ba ta rasa gaskiya ba. Ranar da kika zauna a bencin nan, minti mafi daɗi a aikin Likita kika gani. Ki tambaye ta sau nawa take samun irinsa a wata. Sauran kwanakin akwai mutumin da zai ɓata mata rabin yini a gaban madubi yana gwada tabarau, ƙarshe ya ce sai ya yi shawara da matarsa. Akwai tsohuwar da duk gilashin da aka sa mata za ta ce duk ɗaya ne. Akwai wanda zai dawo da faɗa saboda abin yana matse masa kunne. Ita ma wannan tambayar ta "wanne ya fi", wata rana bakinki zai riƙa yin ta da kansa hankalinki yana kan famfo. Babu sana'ar da ba ta da maimaici. Abin da mutum yake zaɓa shi ne maimaicin da zai iya zama da shi.

Amma ban yarda gundura ce kaɗai ba. Wanda ya gundura mafarkin tafiya yake yi, ko ina ne. Ba ya aron littattafai masu nauyi ya zauna ya karanta, ba ya shan kunya a ofishin shugaba sannan washegari ya koma shagon da wata tambayar. Son sani da ya jure wannan ya cancanci a saurare shi.

Zancen yarinyar nan kuwa, kin ba da shi kamar abin dariya, ni kuma nan na fi tsayawa. Malamar da ta yi shekaru a aji ta san fuskar yaron da yake shirya wasa tun daga bakin ƙofa. Da idon malama kika kalle ta, da kin gano ta kafin ta kai harafi na biyu. Kin rasa ta ne don a ranar ido biyu kika gani, ba yarinya ba. Ki kula da wannan, domin duk aikin da kika zaɓa, mutum ne zai zauna a gabanki. Kuma gwajin allo ya tsaya haka nan sai kin koya. In kin ga yaro yana ƙanƙance ido, ki gaya wa iyayensa abin da kika gani, ki bar sauran ga masu shi.

Ga abin da zan yi in ni ce ke. Kada ki sa hannu a dogon kwantiragin, kada kuma ki karɓi shugabancin sashe da rabin zuciya, domin akwai wanda yake son kujerar da zuciya ɗaya. Ki je wurin shugaba ki nemi shekara guda. Malamar lissafi da ta iya aiki ba a sakinta da sauƙi, ina zaton zai yarda. Ki rubuta wa masu karatun ki ji ko za su ajiye miki gurbin zuwa baɗi. Batun takardar zama kuma ki taka da ƙafarki zuwa ofishin da ke bayar da ita, ki ji daga bakinsu, ban da labarin wai-wai na ɗakin malamai. In kuma duk suka ƙi jira, sai ki san da gaske zaɓi ya zo, ki yi shi da sanin abin da ke gabanki.

Sannan hutun nan mai zuwa ki roƙi Likita ta bar ki ki zauna a shagon daga buɗewa har rufewa. Ki share, ki goge gilashi, ki yi haƙuri da mai madubi. Ki jira ranar da ta fi kowace rashin armashi. In a ranar kika hau bene da wata sabuwar tambaya a kanki, to ki shirya komawa benci, kuma kada shekarunki su ba ki kunya. In kuwa kika ji kina kewar hayaniyar aji, kin samu amsarki da araha.

Baba kuma kada ya ji labari bayan an gama. Tambayar da ya yi miki ta mai tsoron an wulaƙanta 'yarsa ce. Ki kwantar masa da hankali a kan wannan tukuna, sannan ki ba shi labarin yaron da agogo kamar yadda kika ba ni. Tsohon malami zai gane shi fiye da yadda kike zato.

Abu na ƙarshe. Ke kina da wata shekarar da za ki sake shawara, amma yaran da ke gabanki yanzu wannan ce kaɗai shekarar da za su yi wannan lissafin. Ko tafiya za ki yi, gobe ki shiga ajin da hankalinki gaba ɗaya.

Allah Ya zaɓa miki mafi alheri, Ya sanya albarka a duk inda kika tsaya.

Antinki